Littafin Baba Shekarau

Goma saura kaɗan yake buɗe ƙyauren waya,
can bayan gonakin gwaji na Samaru,
inda ake yi wa ciyawa aski duk mako.
Ni ce mai riƙe masa fensir.

Akwai farin akwati mai ƙafa huɗu,
jikinsa tsaga-tsaga don iska ta ratsa.
Ranar farko na ɗauka akurki ne,
na ce, Baba, ina kajin?
Ya yi dariya har hula ta zame.
Ma'aunan zafi ne ciki, biyu tsaye kamar tagwaye,
ɗaya tsirara, ɗaya da jiƙaƙƙen ƙyalle a gindi.
Ya ce ratar da ke tsakaninsu
ita ke faɗin ƙishirwar iska.

Bisa dogon ƙarfe ludayi uku na tsere,
har yau babu wanda ya kamo ɗan'uwansa.
Kibiya na nuna inda iska ta fito.
Ga ƙwallon gilashi da kati a bayansa:
rana da kanta take sa hannu,
ta ƙona layi, gajimare ya katse mata.

Amma mazurari shi ne babban aminin Baba.
Ya tsiyaye ruwan daren jiya cikin kwalba mai zane,
ya tsugunna har idonsa ya yi daidai da bakin ruwan.
Ruwa ba ya ƙarya, in ji shi,
mai kallo daga tsaye ne ke yi.

Wata rana akuyar Talle ta keta shinge
ta sha daga daron da ake auna abin da rana ta ƙafar.
Na ce mu ƙiyasta mana, wa zai sani?
Ya bar gurbin fayau,
a gefe ya rubuta: akuya.

Shekarar da ruwa ya yi sammako,
Jatau ya taho daga Bomo a keke,
irin masara ɗaure a baya.
Malam, in shuka?
Baba ya ce gaibu na Allah ne, ni ƙidaya nake yi.
Ya jawo littattafai, damina talatin da ɗaya,
wasu gara ta ɗanɗana.
Na jiya tara ne kacal, bai wuce gaɓar yatsa ba a ƙasa.
Irin wannan, sau da yawa, sallama ce ba zama ba.
Jatau ya raba irin biyu, don zuciya ba ta da haƙuri.
Kwana goma sha tara sama ta yi gum.
Rabin da ya ajiye a tukunya
shi ya cika masa rumbu.

Lambobin nan ba a Samaru suke kwana ba.
Suna zuwa wurin yaran da ke koyon tuƙin jirgi,
masu kewaya Kufena da hantsi,
da mai zana gada, da mazauna bakin Kubanni
da ke son sanin ko su kwana da ido ɗaya.

Yanzu an kafa na'ura mai cin hasken rana,
tana aika saƙo ba fensir, ba tsugunno.
Ni ke kula da ita.
Ba ta san akuya ba.
Bara ta yi mako tana rantsuwa ba a yi ruwa ba,
ashe zanzaro ne ya yi gini a maƙogwaronta.

Baba yana Tudun Wada, idanu sun tafi.
Daren jiya aka kwana ana yi a kan kwano.
Da na shigo ko gaisuwa bai bari na gama ba:
Kande, ashirin da biyu?
Na ce ashirin da huɗu, Baba.
Ya yi shiru, ya shafa gemu.
To, ya ce,
rubuta na kwalba.